Yadda ake sa farin beyar ya hayayyafa a gidan zu, da yadda ake riƙe lissafin zuri'arsa

Toh jama'a, musamman ƙannena masu karatun likitancin dabbobi a Samaru, wannan bayanin naku ne. Duk wanda ke da burin wata rana ya yi aiki a gidan zu ko ya riƙe wani gandun namun daji a ƙasar nan, yana da kyau ya san yadda ake kiwon farin beyar ɗin nan na yankin ƙanƙara, ba wai don za mu kawo shi Zariya ba, zafin Maris da Afrilu namu kaɗai ya ishe shi azaba, sai don yana cikin dabbobin da suka fi ba masu gidajen zu wahala wajen haihuwa, kuma dabarun da wahalar ta koya musu su ne dai za su yi mana aiki a kan zakunanmu da kurayenmu.

Ku fara sanin dabbar kanta. Namiji babba yakan kai kilo 350 zuwa 700, macen kuma wajen rabin haka. A daji ƙasashe biyar ne ke da shi, Kanada wadda ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku, sai Amurka ta ɓangaren Alaska, da Rasha, da Norwe, da Girinlan, kuma ƙiyasin da aka fi kawowa shine sun kai wajen 26,000. Tun 1973 ƙasashen nan, Denmak a madadin Girinlan, suka sa hannu a yarjejeniyar kare shi a birnin Oslo, sannan a 2008 Amurka ta saka shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, wanda hakan ya sa shigo da sabon beyar don nunawa jama'a ya zama abu mai matuƙar wuya a can. Ma'ana dai ba zancen ka aika a kamo maka wani in naka ya mutu. Wajen 300 ɗin da ke gidajen zu na duniya su ne jarin, da su za a yi ta juyawa.

Shi yasa aikin ba daga keji yake farawa ba, daga takarda yake farawa. Kafin ka yi tunanin haɗa namiji da mace sai ka san waye uban kowanne, wacece uwarsa, kakanninsa daga wane yanki aka kamo su. Akwai kundin nasaba na farin beyar na duniya baki ɗaya, gidan zu na Rostok a Jamus ne ke riƙe da shi tun 1980, kowane beyar na da lambarsa a ciki, ranar haihuwa, iyaye, duk gidan da aka taɓa kai shi, ranar mutuwa da abinda ya kashe shi. Gidajen zu kuma suna zuba bayanansu na yau da kullum a manhajar ZIMS ta ƙungiyar Species360. A Turai ƙungiyar gidajen zu ta EAZA ce ke tsara wa zai haɗu da wa, a Amurka kuma takwararta AZA, kuma in ka shiga tsarin ka yarda kenan cewa beyar ɗin da ke gidanka ba kai kaɗai ke da iko da shi ba, in an ce a ɗauke shi a kai wata ƙasa sabida can ne matar da ta dace da shi take, haƙuri za ka yi ko da shine ke kawo maka 'yan kallo.

Kada ku ɗauka wannan zancen takardar wasa ne. A Disamban 2018 an haifi wata 'yar beyar mai suna Hertha a gidan zu na Tierpark da ke Balin, kowa na murna, sai a 2021 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ashe uwarta Tonja da ubanta Wolodja uwa ɗaya uba ɗaya suke. Me ya jawo? Tun a Mosko inda aka haifi Tonja aka rikita takardunta da na wata 'yar beyar da aka haifa kusan lokaci ɗaya da ita. Kuskuren alƙalami kawai, amma ya shiga jini. A Jafan kuma, a gidan zu na Kushiro, an yi ta jiran wani beyar mai suna Tsuyoshi ya yi wa abokiyar zamansa barbara shiru shiru, sai a 2008 da aka yi masa allurar barci aka duba da kyau aka gano ashe mace ce. Gashin wurin yana da yawa kuma a ƙuruciya bambancin ba ya fitowa sosai. Don haka duk dabbar da ta shigo hannunka, kar ka tsaya a kan abinda aka rubuto maka, ranar da za a kwantar da ita don duba lafiya ka tabbatar da jinsinta da idonka, ka sa mata ɗan cif na shaida a ƙarƙashin fata, ka ɗebi jini ko gashi a yi gwajin nasaba.

Bayan ka tabbatar da asali sai zaɓe. Anan ne mutane da yawa ke kuskure, suna ganin wanda ya fi girma da kyau shi za a ba mace. A'a. Kwamfuta ce ke lissafa kowane beyar yawan dangantakarsa da sauran duka, wanda danginsa suka yi kaɗan a cikin garken shi ake sawa gaba, wanda kuma 'ya'yansa da jikokinsa sun cika ko'ina sai a dakatar da shi ko da shine ya fi kowa iya haihuwa. Burin da aka saba sawa a irin wannan tsari shine a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado har shekara 100. Duk mai kiwon tumaki a Giwa ko Soba ya san wannan ko bai shiga aji ba, in rago ɗaya ya daɗe a garke har ya fara hawa 'ya'yansa za ka ga 'yan raguna suna fitowa ba ƙwari, shi yasa ake canza rago ko a aro na wani gari. Sannan kar a haɗa farin beyar keji ɗaya da beyar mai ruwan ƙasa, don suna iya haihuwa tare, ya faru a Osnabruk ta Jamus a 2004 aka samu 'ya'ya biyu ruwa biyu waɗanda ba su da gurbi a tsarin kiwon.

Sai muhalli. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar Oksfod, Ros Clubb da Georgia Mason, suka fitar da nazari da ya nuna dabbobi masu cin nama da suka saba dogon yawo a daji su suka fi shan wahala a tsare, kuma farin beyar na kan gaba, kejin da aka saba ba shi bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na faɗin inda yake yawo ba. Alamar wahalar ba ta ɓuya. Za ka ga beyar ya taka zuwa ƙarshen bango, ya wurga kai gefe, ya juyo, ya dawo, yana sa ƙafa daidai inda ya sa ɗazun har wurin ya yi santsi, haka zai wuni. Akwai wani mai suna Gus a gidan zu na Central Park a Niyok da ya yi suna sabida awanni yake yi yana iyo yana zana lamba 8 a cikin ruwa. Macen da ke cikin wannan halin ko ta haihu da wuya ta riƙe ɗan. Lardin Manitoba na Kanada ya kafa doka a 2002 mai ƙa'idojin wurin da za a iya ajiye beyar, a ciki har da filin da bai gaza murabba'in mita 500 ba ga guda biyu, kuma wannan mafi ƙaranci kenan, gidan namun daji na Yokshaya a Ingila wajen eka 10 ya ware musu. A ba su ƙasa da ciyawa da wurin tono ba siminti zalla ba, da tafki mai zurfi, da inuwa, da lungun da za su ɓuya daga idon mutane da na junansu. Abinci kar a riƙa zubawa wuri ɗaya lokaci ɗaya, a daskarar da kifi cikin ƙanƙara a jefa ruwa, a ɓoye wani cikin jarka, a bar shi ya sha wuya kafin ya samu. A kuma lura da makwabta, don a 2010 wata mai suna Jerka ta mutu a Wufatal ta Jamus da ƙwayar cutar da aka gano asalinta daga jakin dawa ne, dukda ba keji ɗaya suke ba.

Abincin kansa akwai gyara. A daji abinda yake ci shine sil, dabbar ruwan nan mai kaurin kitse, kuma in ya samu yadda yake so kitsen yake cinyewa ya bar tsokar. Gidajen zu sun daɗe suna ciyar da shi kaman zaki, tsoka zalla, sai wani bincike da ya fito a 2021 ya nuna in an ba shi zaɓi kitse yake ɗiba fiye da tsoka, kuma masu binciken sun danganta yawan tsokar da ciwon ƙoda da na hanta da ke kashe su da wuri. Toh a ƙara kitse a rage tsoka, kuma a bi lokaci, macen da aka yi wa barbara dole ta yi ƙiba sosai kafin sanyi ya shigo, a daji har kusan ninka nauyinta take yi don da wannan kitsen za ta yi watanni a rami ba ci ba sha tana shayarwa.

Barbara kuma lokaci gare ta, daga wajen Maris zuwa Yuni, kuma mace sai ta kai shekara 4 zuwa 5. Kar ka buɗe ƙofa kawai ka ce su je su daidaita. A fara ajiye su gefe da gefe da raga mai ƙarfi a tsakani, suna jin warin juna suna ganin juna na kwanaki, kana kallo, in macen na zuwa jikin ragar da kanta tana kwanciya kusa toh da alama, in tana gurnani tana ja da baya a ƙara jira. Ranar haɗawa ma'aikata su kasance a shirye, kowace ƙofa da mai riƙe da ita, tiyon ruwa mai ƙarfi a hannu, likita na kusa, kuma a bar wa macen hanyar gudu. Wlh ba tsoratarwa ba ce, a Fabrairun 2021 a gidan zu na Ditroit namiji mai suna Nuka ya kashe mace mai suna Anana a lokacin da yake neman hawanta. Namiji ya ninka ta nauyi, in abu ya ɓaci cikin ɗan lokaci ake rasa ta.

Yanzun ga inda abun yake da ban mamaki, kuma nan ne nake so ɗalibai su nutsu. In cikin ya shiga, ɗan tayin ba ya manne wa mahaifa nan take, sai ya tsaya cak yana ɗan ƙanƙani yana yawo a ciki na watanni, sai wajen kaka ta can, Satumba zuwa Nuwamba, sannan ya manne ya fara girma, girman gaske wajen wata biyu ne kacal. Sannan ga cikin ƙarya, macen da ba ta da komai ita ma sinadarin cikinta na hawa kaman na mai ciki, ta yi ƙiba, ta rage cin abinci, ta shige ɗaki ta kwanta, kowa ya sa rai, ƙarshe ba komai. Gwajin jini ko na kashi ba ya rarrabewa kai tsaye, sikanin kuma ɗan tayin ya yi ƙanƙanta ga kitse ya rufe, kuma ba ka son yi wa mai ciki allurar barci haka kawai. Cibiyar bincike ta gidan zu na Sinsinati ta kwashe shekaru tana karɓar kashin beyar daga gidaje daban daban, ma'aikaci ya bi da safe ya tsinci kashin, ya ƙulla a leda, ya rubuta suna da kwanan wata, ya jefa firiza, har a 2013 suka sa aka horar da wani kare mai suna Elvis ya riƙa sunsuna kashin ko zai gane mai ciki. Ɗurar maniyyi irin wadda muka sani ana yi wa shanu a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika su ma sun gwada, na farko a 2012 a gidan zu na garin Rocesta, amma ba a samu haihuwa ba. Don haka dokar mai sauƙi ce, duk macen da namiji ya hau ka ɗauke ta a matsayin mai ciki har sai lokacin haihuwa ya wuce.

Tun Oktoba a raba ta da namijin gaba ɗaya, don shi ɗan jariri nama ne a wurinsa. A shirya mata ɗakin haihuwa ɗan ƙarami mai duhu, daidai ta kwanta ta juya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ɓawon itace, a sa kyamara mai gani cikin duhu da makirfo tun kafin ta shiga. Daga nan sai shiru. Ba 'yan kallo a kusa, ba gini, ba ƙarar janareta, ba sabon ma'aikaci mai sabon wari, ba manyan baƙi da za a ce a ɗan leƙa musu. Haihuwar na zuwa tsakanin Nuwamba da Janairu, yawanci tagwaye, kowanne wajen giram 600, ido a rufe, gashi ɗan siriri har kana hango jan fata. Ku auna, uwa mai ɗaruruwan kilo da ɗa da bai kai kilo ɗaya ba. Za ka ganta a allon kyamara ta naɗe jiki ta tura shi cikin gashin ƙirjinta tana hura masa numfashi, kai kuma aikinka kunne ne, in jaririn na tsotso yana wani irin gunji mai ɗorewa a hankali, wannan lafiya kenan, in kuma tsala ihu yake ba ƙaƙƙautawa uwar na tashi tana zagaye tana ɗaukarsa a baki tana ajiyewa, toh akwai matsala. A nazarin nan na 2003 an samu wajen kashi 65 cikin 100 na jariran da ake haifa a tsare suna mutuwa tun suna jarirai, kuma macen da ke haihuwar fari ta fi yawan rasa nata. Ido na buɗewa wajen wata ɗaya, sai sun kai wata uku zuwa huɗu suna kilo 10 zuwa 12 sannan uwar ta fito da su, kuma ita za ta zaɓi ranar ba kai ba.

Ɗauke jariri a raine shi da hannu shine zaɓin ƙarshe, kar tausayi ya sa a yi gaggawa. Nonon beyar wajen kashi 30 cikin 100 kitse ne, haɗa madarar da za ta maye gurbinsa aiki ne, ga shayarwa dare da rana. Kowa ya ji labarin Knut da aka haifa a Balin ranar 5 ga Disamba 2006, uwarsa Tosca ta ƙi shi, ɗan uwansa ya mutu bayan kwana huɗu, ma'aikaci Thomas Dörflein ya tare a wurin yana rainonsa. Ya rayu, duniya ta so shi, amma ya tashi ya fi sabo da mutane a kan 'yan uwansa, kuma a Maris 2011 ya faɗa ruwa ya mutu a gaban 'yan kallo yana shekara 4, daga baya aka gano kumburin ƙwaƙwalwa ne ya jawo. Ni dai a ganina in uwa na ƙoƙari ko yaya ne a bar mata, ko ta rasa na bana ta koyi abinda za ta riƙe na gaba da shi.

Abinda ake mantawa shine ina za a kai ɗan in ya girma? A daji yakan yi wajen shekara biyu da rabi tare da uwa, shi yasa mace ke haihuwa kusan duk bayan shekara uku, kuma a tsare suna iya wuce shekara 30, wata mai suna Debby a Winifeg ta Kanada ta haura 40 kafin ta mutu a 2008. Kenan kowane jariri alkawari ne na shekaru masu yawa, dole a san gidan da zai karɓe shi tun kafin a haɗa iyayensa. Hamish da aka haifa a Sikotilan a Disamban 2017, na farko a Birtaniya cikin shekara 25, da ya isa rabuwa da uwarsa sai aka mayar da shi Yokshaya a 2020 cikin rukunin maza zalla, don irin waɗannan gidajen gwauraye suna rage cunkoso. In ba a son mace ta haihu akwai ashanar fata ta dabbobi mai maganin desilorelin, amma a yi hattara don wasu matan ba sa dawowa haihuwa da wuri bayan an daina, a ƙaramin garke kuwa rasa shekarun mace ɗaya babbar asara ce, raba su a lokacin barbara ya fi aminci. Kuma a faɗi gaskiya wa jama'a, wanda aka haifa a gidan zu ba a sakinsa daji, bai iya farautar sil a kan ƙanƙara ba kuma ya saba da mutum. Abinda ke barazana ga na daji narkewar ƙanƙarar teku ce sabida ɗumamar yanayi, haihuwa a keji ba ta gyara wannan. Amfanin na tsare shine bincike da wayar da kai, da kuma samar wa marayu wuri, kaman waɗanda ake ɗaukowa daga yankin Cocil na Manitoba a kai Winifeg.

Game da ƙasashe masu zafi kuwa an riga an gwada. Inuka da aka haifa a Singafo a Disamban 1990 shine na farko da aka haifa a yankin zafi, ya kai shekara 27 cikin ɗaki mai na'urar sanyi, har akwai lokacin da gashinsa ya koma kore sabida gansakuka ta shiga cikin ramin gashin, kuma gidan ya ce bayan shi ba za su sake kawo wani ba. Na ƙarshe a Afirka shine Wang na Johannesbag da ya mutu a 2014. Da yadda wutarmu take, duk wanda ya kawo shawarar a sayo farin beyar don a burge jama'a dan Allah ku taka masa birki.

Namu aikin yana kan abinda ke gabanmu. Zakin Afirka ta Yamma na gab da ƙarewa, a Najeriya Yankari da Kainji kawai ake maganar ragowarsu, ga kuraye da jiminai da birai a gidajen zu namu waɗanda a wasu wuraren in ka tambayi waye uban wannan sai a ce tun zuwanmu muka same shi. In an tura ku aikin koyon sana'a irin waɗannan wurare, ku tafi da littafi mai kauri, kowace dabba shafinta, ku zauna da tsofaffin ma'aikata don su ne ke riƙe da tarihin a ka, ku tambaye su da ladabi, Baba wannan daga ina aka kawo ta, wace shekara, sau nawa ta haihu, da wane namiji, ina 'ya'yan suke. Inda ba a sani ba ku rubuta ba a sani ba, kar ku cike da zato. Ku ɗau hoton fuska ta gefe biyu, a zaki ɗigon da ke gindin gashin baki ya bambanta daga wannan zuwa wancan kuma ba ya canzawa, ku rubuta ranar duk wata barbara da kuka gani, sannan ku kwafe komai a kwamfuta ku bar wa gidan kofi ɗaya, ɗayan ku kawo wa malaminku a sashe don wanda zai je baɗi ya ɗora daga inda kuka tsaya.